Zumar Maiwada da Ta Rasa Uwa

A Gazara, in ka ce gidan Maiwada mai zuma, ko baƙo zai nuna maka. Kowa a ƙasar Maƙarfi rake ya sa a gaba, shi kuwa tun yana saurayi rassan ɗorawa suka fi masa fadama. Ya yi ta ɗaura amya har gwiwa ta ƙi hawa, ya koma akwatuna a ƙasa. Feshin gonaki ya kashe masa ƙudan zuman kaf, saura akwati guda, tsatson zumar da mahaifinsa ya bar masa. Ita yake wa fargaba.

Da la'asar yakan jingina da akwatin ya lumshe ido, gunjin ya yi ta jan sa har ya ji kamar yana can ciki, cikin ɗumi da ƙanshin kaki. Yakan gaya wa ƙanwarsa Kulu cewa ma'aikatan ƙudan nan duk mata ne, kowacce na iya saka ƙwai, ƙanshin uwarsu ne ke kwantar musu da ciki. Wadda ta yi gangancin sakawa, 'yan'uwanta su sunsuna ƙwan su cinye, ba faɗa ba hayaniya. Kulu takan ce shi dai ba ya gajiya da gulmar ƙwari.

Ran nan gunjin ya sauya, sai ka ce gidan da aka yi rashi. Ya ɗago saƙa, ga ƙwai birjik, bibbiyu har fiye a rami guda, ba mai taɓawa. Kulu ta hau murna, wai albarka ta sauka. Wace albarka! Uwar ce ta mutu, ba magajiya. Ƙwan ma'aikaciya namiji kaɗai yake fitarwa, mazan zuma kuwa ba sa ɗebo komai. Maiwada ya zauna a ƙasa ya yi hawaye, bai ko ɓoye ba.

"Yaya, kwashe zumar nan tun ba su lashe ta ba," in ji Kulu.

"Bar musu. Mazan za su tashi su sadu da sababbin uwaye a daji. Abin da ya rage musu ke nan."

Kullum bayan azahar yana kallonsu, ƙatti masu nauyin tashi, suna yin wajen Nasarawan Doya, suna narkewa cikin haske. Gunjin ya yi ta raguwa. Da damina ta ja baya ya ɗaga murfin, ba ƙuda ko ɗaya, ba zuma ko ta lasa. Ya share akwatin, ya goga masa kaki ko ƙanshin zai jawo sabuwar zuma, ya bar ƙofar a buɗe.