Manhajar da Ke Sallama

A jami'a na karanci fannin da har yau ban san yadda zan faɗi sunansa a gida ba. In an tambaye ni, sai in ce muna koyon tsara abin da ke cikin waya yadda ba zai wahalar da mai ita ba. Darasin da aka fi nanata mana shi ne sauri: kada ka ɓata wa mutum lokaci, ya danna, ya samu abin da ya zo nema, ya tafi. Na haddace, na kuma yarda.

A shekarar ƙarshe na haɗa manhaja mai magana don manoman rani na wajenmu, kusa da madatsar ruwa ta Watari, ta riƙa gaya musu ranar da za a sako ruwa a layinsu. Na kai wa mahaifina ya gwada, yana zaune yana gyaran kwandon tumatir. Muryar ta ce ya zaɓi layinsa. Baba ya kifa wayar a kan tabarma, ya ci gaba da aikinsa. Da na matsa masa, ya ce shi bai saba amsa wa wanda ya faɗo masa babu sallama ba, mutum ne ko ƙarfe. Abokansa ma haka suka yi, sai dai su sukan ce ta yi kyau kafin su ajiye.

Na koma na sa mata sallama. Takan yi shiru ta jira a amsa, ta tambayi gajiya da iyali, sannan a zo maganar ruwa. Dattawan nan har gyara zama suke yi in za su amsa mata.

Malamin da ke duba aikina mai ilimi ne, ban taɓa raina shi ba, amma ranar ya ba ni haushi. Ya ce na cika aikin da surutu, in cire gaisuwar ko ya ƙi sa hannu. Rashin sa hannunsa kuwa maimaita shekara ne, ga shi Baba ya riga ya gaya wa duk ƙauye bana zan gama. Abokan karatuna suka ce in cire, in karɓi takardata, daga baya in mayar. Na ƙi. Don me mahaifina zai koyi rashin gaisuwa saboda ya dace da littafin da ba a rubuta da shi a zuciya ba?

Ranar kare aiki na shiga gaban malamai. Ban yi dogon bayani ba, na ajiye wayar a kan tebur na kunna. Ta yi sallama. Duk malaman suka amsa baki ɗaya, har da nawa, kafin ya ankara. Ta jira, ta tambayi gajiya. Baƙon malamin da aka gayyato ya ce babu gajiya, yana dariya. Nawa bai yi dariya ba.

"Wannan ba hujja ba ce," in ji shi.

"Haka ne, Malam. Amma ba zan cire ba."

Daga ƙarshe dai ya sa hannu, ya ba ni maki mafi ƙanƙanta da ake wucewa da shi. Yana nan a takardata, kuma duk inda na je neman aiki ba na jira a tambaye ni dalilinsa, ni nake fara faɗa.