Babu Wanda Ya Ce Tubarkalla

Har a sa ni a rami ba zan manta da ranar da saniyata ta faɗi ba, domin a ranar ne na yi wa yayata abin da maƙiyi ma sai ya yi tunani kafin ya yi.

Uwa ɗaya uba ɗaya muke. Mijinta ya rasu, Allah bai ba ta haihuwa ba, sai ta dawo ƙauyenmu a ƙasar Kurfai, ba nisa da Filinge. Tun tana budurwa ita ake kira ta yi wa ɗakin amarya ado da farar ƙasa da jar ƙasa. Da ta gama takaba sai bango ya yi mata kaɗan. Ta riƙa tsinto takardar buhun siminti tana shimfiɗawa, ta jiƙa ƙaro ta dama da jar ƙasa ko gawayi ko baban rini, ta tauna bakin ɗan icce ya yi laushi, ta zauna zane. Dutsen da ke bayan gari, raƙuman Buzaye a kan hanyar kasuwa, makiyaya a bakin rijiya, gawo tsirara a tsakiyar damina ga gero kore shar a gindinsa, duk ta sa su a takarda. Har wasu malamai mata na lakkwal, makarantar boko, suka riƙa zuwa daga Filinge suna saye, ɗaya ma ta kawo mata fenti a ƴan gwangwanaye.

Ni a lokacin wasan yara na ɗauki abin. Sai da na wuce arba'in na shiga yaƙi da jahilci, aka ba ni bik na rubutu, na yi sati ina gumi a kan harafi ɗaya ya ƙi tsayawa, sannan na san abin da ke hannun matar nan. Amma sanin ya zo bayan an yi ɓarna.

Ina da saniya ja, irin Azawak, mai farin tabo a goshi. Da suyar ƙosai a ƙofar gida na same ta, shekara da shekaru ina shan hayaƙi. Wata safiya Yaya ta zo ta tsuguna gaban turke ta zuba mata ido.

Na ce, "Yaya, mi kika nema ga saniyata? Aure za ki yi mata?"

Ta yi dariya ta ce, "Bari ni dai, ƙanwata. Ta fi ki kyau, shi ya sa kike kishi."

Bayan kwana huɗu ta rataya zanen saniyar a danga, ranar kasuwa ce kuwa, kowa ta nan yake bi. Wallahi har yadda take karkatar da kunnen hagu sai da ta fitar. Mutane suka taru. Wannan ya ce, "Kai, wagga saniya!" Wancan ya ce, "Dubi hantsa, ta cika ƙwarya biyu!" Ina tsaye ina jin daɗi, sai wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta ja ni gefe.

Ta ce, "Ɗiyata, kin ji wanda ya ce tubarkalla cikinsu?"

A wurinmu ba a yaba dabbar mutum ko ɗansa ba a ce tubarkalla ba, don gudun kambun baka. Mai salla ya san haka, mai bori ya san haka. To amma wa zai ce wa takarda tubarkalla? Kowa gani yake takarda yake yabo, ni kuwa na san saniyata ce aka baje a bakin hanya kowane baki yana lasa.

Sati bai cika ba ta daina cin abinci. Ciki ya kumbura, ta rame, ido ya faɗa. Na yi hayaƙi, na ba ta kanwa, na karɓo rubutu na shafa mata. Ranar Laraba da hantsi ta durƙushe, aka kira mahauci ya sa wuƙa kafin ta zama mushe.

Ban tsaya an feɗe ba. Na zari itace mai wuta daga murhu na nufi ɗakin Yaya. Tana zaune a inuwa tana niƙa jar ƙasa. Na shiga na kwaso takardun da ta jera ƙarƙashin gado, aikin shekara bakwai, na yago wanda ke rataye a danga, na tara a tsakar gida na cinna musu wuta. Kuma na buɗe murya yadda duk unguwa za ta ji.

Na ce, "Kin ci saniyata! Idonki ba ya sauka kan abu ya kwana lafiya. Kin ci mijinki, yanzu kin dawo kaina!"

Wannan ta mijin, ban san daga ina ta fito ba. Ta dai fito, kuma mata sun cika danga suna ji.

Takardar siminti da ƙaro ba ta jira. Na ga raƙuman nan suna naɗewa, dutse ya yi baƙi, gawo ya tashi toka. Yaya ba ta kama hannuna ba, ba ta yi kuka ba. Dutsen niƙan yana hannunta har wutar ta mutu. Abin da ta ce kawai shi ne, "Ja da baya, zanenki zai kama."

Na koma gida ina huci, na tarar da mahauci ya fasa tumbi, maza sun kewaye shi. Ya ɗago wani dunƙule baƙi ƙirin, ya kai girman tulu, ya jefa a gabana. Leda ce. Baƙar ledar da nake ƙulla wa mutane ƙosai, su ci su yar a ƙofar gidana, ita kuwa tana bi tana lasar mai tana haɗiyewa.

Ya ce, "Uwar gida, wagga ta daɗe tana mutuwa. Ko ba a dube ta ba, ba ta kai kaka."

Na je na durƙusa gaban Yaya a ranar, ta ce ta yafe. Na yarda ta yafe, don ba ta iya ƙarya ba. Amma gari bai ji maganar mahauci kamar yadda ya ji tawa ba. Leda ba ta da daɗin faɗi a bakin rijiya, ƙanwa ta tona asirin yayarta kuwa labari ne. Iyayen amare suka daina aiko mata. In ta shiga gidan suna sai ka ga an ja zane an rufe fuskar jariri.

Na tafi Filinge da kaina na sayo fenti da farar takarda mai kyau, irin ta ƴan lakkwal, na ajiye a gabanta. Ta shafa takardar da tafin hannu, ta daɗe, sannan ta tura mini.

Ta ce, "Mi zan zana, ƙanwata? Duk abin da ke numfashi mutuwa zai yi. In na dube shi da kyau, ran da ya faɗi ni ce."

Ta yi shekara tara bayan nan, tana tafiya kanta a ƙasa, ba ta ƙara tsayawa ta kalli ko ɗan akuya ba. Da ta rasu babu ko takarda ɗaya da zan nuna wa jikokina in ce ga hannunta.

Ni mace ce mai faɗa, har gobe ba na haɗiye magana. Amma na koyi cewa in ciwo ya same ka, ka bari a buɗe cikin abin tukuna kafin ka nemi wanda za ka ɗora wa. Kuma abin da bare ya faɗa a kan mutum iska na iya ɗauka, na ɗan'uwa shi gari yake riƙewa. Na yi ta tsoron bakin mutane a kan saniyata, ashe bakin da ya yi kisa a ƙauyen nan nawa ne.