Yatsun Ulbosin

Shekara talatin da ɗaya Ulbosin ta yi a kan teburin gishiri, a masana'antar kifi ta bakin kogin Jayik. Ni aikina fasa ciki. A kawo mini bekire, ƙaton kifin nan mai baƙin ƙwai mai tsada, da ransa, in maka masa kulki a ka, in tsaga shi yana motsi, don in ya mutu kafin wuƙa ta shige shi ƙwan ya lalace. In miƙa mata ƙwan, ta murje shi a rariya, ta zuba gishiri, ta tsoma hannu ta yi ta juyawa. Ba a duba agogo a wannan aiki, ba a sa safar hannu. Yatsa ne ke gaya maka gishiri ya kama. Ka tsaya da wuri ya ruɓe a gwangwani, ka zarce ya farfashe.

Ba ta da kirki, kada in yi muku ƙarya. Shekara tara Gulsim na riƙe mata kwano, ko sau ɗaya ba ta bar ta ta tsoma hannu ba. Apa duk muke ce wa Ulbosin, wato Inna.

"Apa, yaushe za ki koya mini?"

"Ranar da kika daina shafa mai kamar amarya. Matsa, kin tare mini haske."

Gishiri da ruwan sanyi suka kashe mata yatsu. Ni na fara ganewa, ranar da ta tallafo butar shayi mai zafi ta gindi, ko yatsina fuska ba ta yi ba. Ban gaya wa kowa ba. Ta koma ƙirga juyi a zuci, in ta kai ɗari da ashirin ta tsaya. Shekara biyu tana haka ba wanda ya sani sai ni.

Wata shekara kifi ya yi ƙaranci. A watan Mayu aka samu guda ɗaya, ƙatuwa, sai da mutum huɗu suka ɗaga ta. Ranar ana zafi, ƙwan kuma ya nuna, ya yi laushi. Irinsa juyi sittin ya ishe shi, duk yatsa mai rai zai ji. Ita sai da ta cika ɗari da ashirin ɗinta.

Jumagali, shugaban sashenmu, ya ɗebo da cokali, abin na tsiyaya kamar baƙin mai.

"Apa, miya kika dafa mana? A kawo gurasa?"

"Kifin ne ba kyau."

"Haka ne? To rufe idonki. Tolegen-aga, riƙe mini hannunta."

Ni ne Tolegen. An ce in riƙe, na riƙe. Ya ɗauko ƙugiya ya soka mata a babban yatsa, har ta nutse.

"Me na sa miki a hannu, Apa?"

"Ƙwai ne," ta ce. "Gishirinsa ya yi."

Jini na ɗiga a kan takalmina. Matan suka fashe da dariya, ta Gulsim ta fi ta kowa ƙarfi. Ulbosin ta buɗe ido, ba ta kalli yatsan ba, ni ta kalla.

Ba a kore ta ba. An ba ta bokitin hanji, ta riƙa kwashewa daga ƙarƙashin teburina tana kai wa karnukan gadi. Duk wanda ya wuce ta sai ya ce, "Apa, gishiri ya yi?" Shekara huɗu tana sunkuyawa a ƙafata sau arba'in a yini, ko sannu ba ta haɗa mu ba.

Da ta rasu na je jana'iza. Na miƙa hannu zan kama makara, ɗanta ya ture ni da kafaɗa. Na koma wurin aiki, kifi uku na jirana.