Abin da na gani a bayan ƙofa

Ina da shekara ashirin da 'yan kai lokacin da wata daktar nazarin tarbiyyar yara ta zo unguwarmu ta Nuzla a Jidda neman tafinta. Larabci take ji, ni kuma haifaffiyar Jidda ce, bakina biyu, Hausa da Larabci. Tana son ganin yadda yaranmu ke shaƙuwa da iyayensu mata. Don neman suna, sai na fara kai ta ɗakin yayata.

Yaya a Katsina ta girma, wurin kakarmu, aure ne ya dawo da ita nan. Tana da 'yar fari mai shekara ɗaya da rabi. Ba ta kiran sunanta, ba ta yi mata wasa a gaban mutane. Kunyar ɗan fari ce irin ta mutanen da, kuma ranar surukarta na zaune a kan tabarma tana jan carbi.

Aikin daktar ba wuya. Ta kafa kyamara, ta ce uwa ta fita ta bar yarinya, bayan ɗan lokaci ta dawo. Yaya ta fita, na bi ta. Yarinya ta tsandara kuka. Yaya ta manna kunne a jikin ƙofa, nono ya jiƙa gaban rigarta. Ni kaɗai na ga wannan. Da aka ce ta shiga, sai ta gyara mayafi, ta wuce 'yar da ke miƙo mata hannu, ta zauna can gefe tana kallon bango. Surukarta ce ta ɗauki yarinyar.

Daktar ta juyo ta tambaye ni dalili. Na san dalilin sarai. Amma ni a lokacin gani nake na waye, ba na so a ce da mu 'yan ƙauye. Na ɗaga kafaɗa na ce, "Haka suke." Ta rubuta.

Daga nan likkafa ta ci gaba ga daktar. Ta yi littafi, ta yaye ɗalibai, ɗalibanta suka yaye nasu. Duk mai koyon kula da ƙananan yara sai ya ji labarin uwayen da ba sa jin kukan 'ya'yansu. Ni kuwa na yi aure a unguwar Waziriyya, na manta. Yaya ta rasu ba ta taɓa sanin an yi ba.

'Yar tata ta girma, ta shiga kwas na malaman rauda, wato makarantar ƙananan yara. Wata ranar Alhamis da la'asar ta shigo gidana ko abaya ba ta cire ba. An nuna musu fim ɗin daktar a aji. An rufe fuskoki, amma ta gane koriyar ledar ɗakinsu, ta gane zanen uwarta.

"Khala, ni ce a ƙasa ina kuka," in ji ta, haka take kirana da Larabci, wato ƙanwar uwa. "Ustaza ta tsayar da fim ɗin, ta ce mu duba da kyau, wannan ce uwar da ba ta son 'yarta."

Na ba ta labarin ƙofa, da rigar da ta jiƙe. Na gaya mata yadda Yaya ke ɗanɗana kununta sau uku kafin ta miƙa wa wani ya ba ta. Ta saurare ni har ƙarshe.

"Ke ce tafinta. Da haka ne, lesh, don me ba ki faɗa ba a ranar? Halas, shi ke nan, Khala, kina rufa mata asiri ne kawai."

Na rubuta wa daktar doguwar wasiƙa, aka maido min da layi biyu na godiya daga ofishinta. Ban ga laifinta sosai ba, ta yi tambaya, ni na ba ta amsa. Wannan abu yana ci na, kuma ban ga ranar da zai daina ba.

Bana yarinyar ta haifi nata ɗan farin. Ba ta ajiye shi, ko girki take yana kafaɗarta. Ranar suna na ce ta kawo in riƙe mata ta ci abinci. Ta ƙara ƙanƙame shi, ta ce, "Bar shi, Khala. Ni ba zan zama irin Umma ba."