Na Shimfiɗa wa Wanzami Tabarma

Da azumin bana ɗana Sabi'u ya cika shekara bakwai a ƙasa. Allah ya jiƙan shi, ya sa ya huta. Ni karatuna na yaƙi da jahilci ne, don haka mai karatu ya yi haƙuri da ni in maganar ta zo a karkace.

Sabi'u birkila ne. A lokacin da ake ta kwasar ma'aikata daga Suleja zuwa gine-ginen Abuja, kullum yana cikin motar safe. Can rodi ya yanke shi a ƙwauri. Ciwo ƙarami ne, ya ɗaure da tsumma ya koma aiki. Sai ya ƙi warkewa, ya zama gyambo, ƙafa ta kumbura tana zafi. Yayan marigayi maigidana, Alhaji Tanko, wanda shi ne babba a gidanmu, ya ce mataccen jini ne ya taru. Aka kira wanzami ya yi ƙaho. Kumburin ya dawo, aka sake kiran shi. Haka aka yi ta yi har damina ta wuce, yaro yana ta yin fari kamar an wanke shi.

Da muka kai shi asibiti, likitan ya zaunar da ni ya yi mini bayani a hankali. Ya ce a cikin ɓargo ake yin jini, a nan kuma ake yin ƙwayoyin da ke yaƙar cuta. In kumburi ya daɗe a jiki, ɓargo yakan mai da ƙarfinsa duka wajen fitar da masu yaƙin, ya rage yin jan jini, har ya gaji ya fara turo waɗanda ba su nuna ba. Ni na gane shi ta hanyar girki: tukunya ɗaya ce, baƙi sun ƙi yankewa, dole tuwo ya fara fita ɗanye. Ɗan abin da tukunyar ke fitarwa kuma, shi muke zuƙewa da ƙaho. Sabi'u bai fito daga asibitin nan da ƙafarsa ba.

Da zai leƙo Suleja yau, zai sha mamaki. Garin Madalla ya kusa haɗewa da mu, gidajen haya ko'ina, kemis a kowace kwana. Mai yawan tsokana ne, na san zai ce, “Inna, gari ya waye.” To, gari ya waye, amma a watan jiya gidanmu bai waye ba.

Ya bar 'ya ɗaya, Habiba, tana hannuna. Salansar acaba ta ƙona mata ƙafa, wurin ya ruɓe, ya kumbura. Ina shirin kai ta asibiti, sai Alhaji ya aiko cewa wanzami na tafe, a yi mata tsaga a zuƙe mugun jinin. An ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Kunnena ya ji tun shekara bakwai. Duk da haka da wanzamin ya yi sallama, ni na shimfiɗa masa tabarma a zaure, na kawo masa ruwa, na ce sannu da zuwa. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa mayar wa Alhaji magana ba, kuma ƙafata ta saba da ladabi fiye da yadda bakina ya saba da gaskiya.

Na shiga ɗaki ɗauko yarinyar, ta kalle ni ta ce, “Tsohuwa, ke da kika gaya mini labarin tukunya, yau kin manta ne, ko bokon naki ya ƙare?”

Wasan jika ne, amma ƙasa na so ta tsage in shige. Na koma na durƙusa a bayan ƙofar zaure, inda Alhaji yake tare da wanzamin, na ce, “Yaya, a yi mini aikin gafara, ba za a taɓa ta ba.” Wanzami ya tattara zabirarsa ya tafi. Har yau in na gai da Alhaji, da ka yake amsawa. Ban ga laifinsa ba, abin da ya gada ya sani. Ni ce na sani na shimfiɗa.

An wanke ƙafar a asibiti, an ba ta magani, an auna jininta an ce da sauƙi.

Sabi'u bai bar fili ba, bai bar shago ba. Hotonsa ɗaya ne, shi ma ruwa ya taɓa shi. Abin da ya rage nasa bakin nan ne da ba ya jin nauyin tambaya, ga shi a kan 'yarsa. Yau da safe ta fita makaranta tana ɗingishi, da jininta cif a jikinta, tana yi mini gwalo daga bakin ƙofa.