Ranar da Baba ya laluba tiyon giya

Ƙanena ya dawo Tanout daga Kwatano da wata jar mota mai ƙofa biyu, gajeriya har cikinta na shafar rairayi. An ƙara wa injinta ƙarfi, amma giyarta mai canza kanta ce, man giyar kuma zafi yake ɗauka tun ba a kai rabin hanyar Damagaram ba. Sai ya sayo ƙaramin lagireto na daban don sanyaya man, ya kira bakanike ya ɗaura a ƙofar gidanmu.

Baba na zaune kan tabarma. Shekara shida ke nan da makancewarsa, mu kuma manomin gero kawai muka san shi. Da aka tada inji, ya karkata kai yana saurare, ya ce, "Ku kashe. Ku kai ni wurin."

Na riƙe hannunsa. Ya laluba tiyon man giyar da yatsu, ya ce wa bakanike, "Ɗana, ka sa ƙaramin lagireton bayan babban, iska mai zafi zai sha. Dawo da shi gaba. Wannan tiyon kuma na ruwa ne, mai zai cinye shi."

Bakanike ya duba, ya ce wallahi haka ne. Ni kuwa na saki baki, sannan na tambaye shi.

"Baba, ina kuka san wannan?"

"Shekara tara na yi a wani gareji a Agadas kafin in auri innarku. Ba ku taɓa tambaya ba."

Har la'asar yana tsugune yana ba da umarni, ni da ƙanena muna miƙa wa bakanike sifana.