Yaya, Sun Share Ɗakinka

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, goma sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, Allah Ya karɓi ran yayana, babban ɗan gidanmu, bayan wani zazzaɓi da duk muka ɗauka zai wuce. Yana shekararsa ta ƙarshe a jami'a, yana karatun injiniya. Ya gama jarrabawa, aikin kammalawa kaɗai ya rage masa.

Yaya, ka fi kowa sanin ni ba mai magana ba ce. Mutane sun cika gida suna faɗin alherinka, ni kuwa ko amin a ciki nake cewa. Shi ya sa na rubuta. Ka yi haƙuri, ba yabo kaɗai na zo da shi ba, har da ƙorafi, domin ka tafi ka bar mu da aiki.

Tun ina ƙarama karatun nan naka ya hana gidanmu sakat. Sau biyu ka faɗi jarrabawar shiga jami'a, duka a lissafi. Baba ya ce ka nemi wani fannin, ka ce kai da lissafi sai ɗaya ya gaji. Daga nan ka bi gida da takardu kana mannawa: jikin firiji, bayan ƙofa, har cikin banɗaki. Mutum ya shiga don ya huta, ya tarar da lissafi yana kallonsa. Kullum bayan asuba kana tsakar gida kana karatu da ƙarfi, wai kunne ma yana da rabonsa. A karo na uku ka ci. Muka ce to, yanzu za mu sarara. Ashe yanzu aka fara.

Ka kwance fankar falo a tsakiyar zafi don ka ga cikinta. Ka kwance dutsen gugar Umma. Rediyon Baba ya dawo daga hannunka yana magana, amma tasha ɗaya tak yake kamawa. Kekena kuwa ka ce aro ne, washegari na gan shi jingine babu sarƙa babu feda. Na yi kuka, ka ce in yi murna, kekena ya shiga jami'a kafin ni.

Ba zan ɓoye alherinka ba. Da na shiga sakandare ba na ganin allo daga baya, kuma na kasa gaya wa kowa. Kai ka lura da yadda nake tsuke ido. Ka bar darasinka ka je makarantarmu, ka sa aka mayar da ni gaba, sannan ka kai ni aka gwada mini tabarau. Lissafin kashi-kashi da ya gagare ni, da sabulun wankin Umma ka koya mini, kana yankawa biyu, huɗu, takwas. Na gane sarai. Faɗan sabulun kuma ni na sha, domin kai ka riga ka fice.

Amma babbar dokarka ita ce ta ɗakinka. Duk abin da ka kwance, a ƙasa kake jera shi, daga bakin ƙofa zuwa taga, bisa yadda ka ciro. Kowane noti, kowace washa, ka zagaye ta da alli. Idan za ka haɗa, sai ka faro daga taga ka dawo. Saboda haka ba a shara a ɗakin. Umma ta yi faɗa har ta gaji. Ni ko tsintsiya ka gani a hannuna kusa da ƙofar sai ka ce, “Malama Shiru, a yi gaba, nan ba huruminki ba ne.”

Aikin kammalawarku kai da abokinka Dogo injin wanki ne da ake tuƙawa da feda, ba ruwansa da wuta. Ka ce don hannun Umma ka ƙirƙiro shi. Dogo ne mai lissafi da rubutu, kai ne mai haɗawa. Injin ya tashi, ya yi aiki, kowa ya gani. Mai hankali sai ya bar shi haka. Kai kuwa ka ce akwai wata 'yar ƙara da ba ta yi maka ba. Ka kwance shi kaf, ka jera a ƙasa, ka ce gobe za ka mayar. A goben nan zazzaɓi ya kwantar da kai.

Ranar da ka rasu gida ya cika da mata, babu wurin zama. Gwaggo, yayar Baba, ta tura ƙofar ɗakinka, ta ga ƙarafa baje a ƙasa, ta yi salati ta ce a kawo tsintsiya. Na ce, “Gwaggo, a bari,” amma muryata ba ta wuce haɓata ba, ga kuka ko'ina. Aka tattara komai aka zuba a bokitai biyu, aka wanke ƙasa tas, aka shimfiɗa tabarmi. Ɗakinka bai taɓa yin kyau irin na ranar ba.

Da baƙi suka ragu Dogo ya zo ɗaukar injin. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya dubi ƙasa, ya dubi bokitan, sai ya zauna a wurin. Baba ya tambaye shi ko babu zanen injin a takarda. Ya ce akwai na farko, amma ka sauya abubuwa da yawa, kuma duk lokacin da ya ce ka zana sai ka nuna kanka ka ce yana nan ciki. Yaya, haba! Shekara biyar kana karatun injiniya, ka ajiye aikin mutum biyu a cikin kanka da kan siminti? Dogo ya ce idan ranar gabatarwa ta zo babu injin mai aiki, shi zai maimaita shekara, kai kuma ba za a kira sunanka cikin waɗanda suka gama ba.

Gwaggo ta ce, “To ni na san haka? Wa ke baje ƙarafa a ƙasa kamar tsabar kaji? Ni tsafta na yi.” Ta ja mayafinta ta fita. Washegari da safe sai ga ta da tabarau da manyan tire uku. Ta juye bokitan, ta zauna tana ware noti daga washa, manya daga ƙanana, kamar mai tsince shinkafa, tana yi tana yi maka faɗa kamar kana gabanta. Har Dogo ta haɗa: “Kai kuma duk tsawon nan naka, ba ka hango abin da yake yi ba?”

Haka muka duƙufa. Baba, wanda ko ganin sifana ba ya son yi tun abin da ya sami rediyonsa, shi ne mai riƙe duron injin. Mai walda na bakin titinmu ya rufe shago ya zo ya tuna inda ya liƙa maka wasu ƙarafan. Ni ce mai miƙo kaya. Haɗin farko sarƙa ta zube. Na biyu feda ta juya, duro ya ƙi motsi. Kowa ya ji haushinka a makon nan, har Umma. Sau da yawa Dogo yakan ɗago kai zai tambaye ka wani abu, sai ya tuna, ya sunkuya. A haɗi na uku injin ya tashi. Yana rawa, yana ƙara fiye da wadda ta dame ka, kuma ƙarafa huɗu sun yi saura, ba wanda ya san wurinsu. Amma yana wanki.

Dogo ya gabatar da shi, malamai suka amince. Shugaban sashenku ya zo gida da kansa ya gaya wa Baba cewa za a kira sunanka tare da na 'yan ajinku. Ka gama, Yaya. Ka zama injiniya, kuma ka sa Gwaggo, tsohuwa mai ciwon baya, ta taya ka.

Da aka dawo da injin gida, Dogo ya ce Umma ta kawo abin da za a fara wankewa. Ta shiga ta fito da rigar aikinka, mai baƙin mai a hannu. Ta tsaya da ita a bakin duron ta daɗe. Sai ta ninke ta, ta mayar ɗaki, ta kawo labule.

Allah Ya jiƙanka, Yaya. Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa wahalar karatunka ta zama nauyi a mizaninka. Na yafe maka duk abin da ka kwance. Ina miƙa ta'aziyya ga Umma da Baba, da Gwaggo, da Dogo da sauran abokan karatunka. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, Ya haɗa mu da kai a Aljanna. Amin.